Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Kiɗa da Waƙa a Unguwannin Zango na Birnin Akra

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana faɗa wa ɗaliban Hausa cewa adabi madubin rayuwar al'umma ne. Maganar gaskiya ce, sai dai amfaninta ba ya fitowa sosai sai an ɗauki wata al'umma takamaimai, an bi kaɗe-kaɗenta da waƙe-waƙenta zamani bayan zamani, an ga abin da suka nuna. Wannan takarda ta ɗauki unguwannin Zango na birnin Akra, hedikwatar ƙasar Gana, wato Zangon Malam wanda ake kira Zongo Lane, da Sabon Zango, da Nima, da Mamobi. A waɗannan unguwanni Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da hira, alhali kuwa tsakaninsu da Kano akwai nisan sama da kilomita 1,000.

Masana ilimin nazarin al'adun ɗan Adam suna da wasu batutuwa da suke yawan bibiya a kowace al'umma. Daga ciki akwai ƙaura da baƙunci, da asali da ƙabila, da dangantakar ubangida da baransa, da musayar kyauta, da matsayin mata, da addini, da talauci da wadata, da kuma saɓanin da ke tsakanin manya da matasa. Duk waɗannan ana jin amonsu a kiɗan Zango. Amma akwai tambaya guda da ta haɗa su: shin mutumin Zango baƙo ne ko ɗan gari? Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin da za a nuna a nan shi ne, a cikin shekara ɗari da 'yan kai, waƙar Zango ta tashi daga yabon garin da aka baro ta koma yabon unguwar da aka haifi mutum, ko da yake tsarin yabo da kyauta da ta ginu a kansa bai gushe ba.

2.0 Kafuwar Zango a Akra

Kalmar zango tana nufin wurin da ayari ke yada kaya ya huta kafin ya ci gaba da tafiya. Mutanen Gana suna furta ta da "zongo". Tun kafin zuwan Turawa fatake Hausawa ke bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, suna komowa da goro. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. Mahdi Adamu da Paul Lovejoy sun yi bayanin wannan fatauci a littattafansu na 1978 da 1980. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumashi da yaƙi a 1874, ikon Tonawa, wato Asante, a kan hanyoyin arewa ya raunana. Sai kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa Kete-Karachi da Kumashi da garuruwan bakin teku.

Hanya ta biyu da ta kawo Hausawa ita ce aikin soja. Kyaftin Glover ya zo da dakarun da ake kira "Hausawa" daga Ikko don yaƙin 1873 zuwa 1874, kuma daga baya Hausa ta zama harshen bariki. A 1877 aka mayar da hedikwatar mulkin mallaka Akra, garin da dattawan Hausawa ke kira Ankara. Wajen 1881 Malam Naino, wani malami mutumin ƙasar Katsina, ya sami fili daga hannun shugabannin ƙabilar Ga, masu garin, aka kafa Zangon Malam. Wajen 1912 ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango, unguwar da Deborah Pellow ta rubuta littafi a kanta a 2002. Ita kuwa Nima, Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, shi ya kafa ta a farkon shekarun 1930, ta kuma cika da jama'a a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda ayyukan da suka samu a sansanonin soja da ke kusa da ita. Mamobi ta bunƙasa a gefenta, babban kwalbati ne ya raba su.

Wajibi ne ɗalibi ya lura da cewa mazauna Zango ba Hausawa ne zalla ba. Akwai Yarabawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Wangarawa da Kotokoli da Dagwambawa da Barebari da sauransu. Abin da ya haɗa su shi ne baƙunci da Musulunci da harshen Hausa. Saboda haka idan mutumin kudancin Gana ya ce "Bahaushe", sau da yawa Musulmi mazaunin Zango yake nufi, ko mene ne asalinsa.

3.0 Roƙo da Kirari: Waƙar Asali

Baƙin farko sun zo da tsarin zamansu na gida. Suka naɗa Sarkin Zango, da limamai, da Sarkin Fawa, har da Sarkin Makafi. Kowace ƙabila kuma ta yi nata sarki. Inda duk aka sami sarauta da sana'a kuwa, sai an sami makaɗi da maroƙi. Mahauta suna da kalangu, fada tana da ganguna da algaita, masu goge suna yi wa 'yan duniya da masu bori.

A wata maƙala da ya buga a 1957, M.G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta bayyana matsayin kowa a bainar jama'a. Maroƙi yana ambaton asalin mutum da sana'arsa da kyautarsa, shi kuma wanda aka wasa sai ya biya da kuɗi ko riga, in ya ƙi a yi masa zambo ko habaici. A ƙasar baƙunci wannan aiki ya ƙara nauyi. A Kano kowa ya san gidan da mutum ya fito. A Akra kuwa mutum na iya sauka daga mota ba wanda ya san ubansa. Maroƙin da ya tsaya a taron suna ya kira wani Bakano ko Bakatsine ko Bazazzagi, ya jero kakanninsa, tamkar shaida ya ba shi a gaban jama'a. Da irin wannan shaida ake samun bashi da amanar kaya da auren 'yar mutunci.

Wannan ya dace da tsarin maigida da baƙonsa, wanda Abner Cohen ya bayyana a nazarinsa na unguwar Sabo ta Ibadan a 1969. Maigida shi ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya musu a kan bashi. Jarinsa na gaskiya shi ne sunansa. Makaɗin da ya yayata cewa gidan wane ba a kwana da yunwa, talla ya yi masa wadda za ta bi ayari har Sakkwato. Ke nan waƙar wannan zamani fuskarta arewa take kallo. Darajar mutum tana rataye da garin da ya baro, Akra kuwa wurin nema ce, ana sa ran wata rana a koma gida.

Rubutacciyar waƙa ma ta bi wannan hanya. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa waɗanda almajiransa suka yaɗa a zangunan ƙasar. Daga ciki akwai wadda ya yi a kan zuwan Nasara, da kuma Waƙar Talauci da Wadata, inda ya kwatanta yadda ake wulaƙanta matalauci ake girmama mai dukiya. Za a sake cin karo da wannan jigo a bakin matasan Nima bayan shekaru masu yawa.

4.0 Mata da Bukukuwa

Babban dandalin kiɗa a Zango shi ne bikin aure da na suna, kuma mata ne ke riƙe da shi. Tun daga sa lalle da wankan amarya har zuwa kai ta ɗakinta, kowane mataki da irin waƙarsa. Mata suna da ƙungiyoyin zumunci, kowace da magajiyarta. Idan biki ya sami ɗaya daga cikinsu sai su fitar da zane iri ɗaya, wanda a Gana ake kira yayi, a Nijeriya kuma anko, su tara gudummawa, su zo da makaɗa.

Mai kallo daga waje zai ga rawa da liƙi kawai. Mai nazarin al'ada kuwa zai ga lissafi. Abin da mace ta liƙa ko ta bayar a bikin ƙawarta ana sanar da shi da babbar murya, ana kuma riƙe shi a ka ko a littafi, domin ranar nata bikin a rama mata, sau da yawa da ƙari. Wannan shi ne abin da Marcel Mauss ya yi bayani a littafinsa na 1925 game da kyauta: akwai wajabcin bayarwa, da na karɓa, da na ramawa. Ga macen da danginta ke can nesa a Gobir ko Dosso, ƙungiyar zumunci ita ce dangi, fagen kiɗa kuma shi ne wurin da ake tabbatar da wannan dangantaka a idon kowa. A nan ne kuma ake sakin habaici ga kishiya da uwar miji da mijin da ba ya cefane, maganganun da ba su faɗuwa a zaune lafiya amma waƙa ta halatta su.

5.0 Addini da Kiɗa

Tun fil azal akwai 'yar tsama tsakanin malamai da makaɗa a ƙasar Hausa, kuma baƙi sun taho da ita. A gefe guda akwai waƙoƙin bege da zikiri. Ɗariƙar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a zangunan Gana, musamman bayan ziyarce-ziyarcen Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha daga shekarun 1950, kuma Mauludi ya zama babban taron shekara, inda ake rera Ishiriniya da ƙasidun yabon Annabi da na shehunnai da Larabci da Hausa. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya zama babban limamin ƙasa a 1993, daga wannan gida ya fito. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma ɗaliban da suka yi karatu a Madina suka fara dawowa da wa'azin Ahlus Sunna, kuma Nima na cikin cibiyoyinsu na farko. Sun soki wasu al'adun ɗariƙa, sun kuma soki cakuɗuwar maza da mata da almubazzaranci a wajen biki.

A ɗaya gefen akwai kiɗan iskoki. Bori ya biyo Hausawa har bakin teku. Zabarmawa 'yan ci-rani daga Nijar kuma suka zo da wani reshe da ake kira Hauka, wanda iskokinsa ke kwaikwayon masu mulkin mallaka, kamar gwamna da janar da direban jirgin ƙasa. Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin taronsu a wajen Akra a 1954, ya fito da shi a 1955 da sunan Les Maîtres fous. Da goge ake kiran waɗannan iskoki, mahayansu kuwa 'yan dako ne da leburori da masu ƙananan sana'o'i a kasuwannin birnin. Fim ɗin ya jawo muhawara mai zafi, hukumomin mulkin mallaka na Ingila suka hana nuna shi, amma ya zama abin karantarwa a sassan nazarin al'adu na jami'o'in duniya. Darasinsa shi ne, talakan da ba shi da bakin magana a gaban mai mulki yana iya sarrafa hoton mai mulkin a fagen kiɗa.

6.0 Rediyo, Kaset da Shekarun Tsanani

A shekarun 1950, lokacin da ƙasar ke shirin samun 'yancin kai na 1957, kiɗan da ya mamaye birane shi ne hailaif, wanda E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos suka yi fice a kansa. Kiɗa ne na gidajen rawa da mashaya, ana yin sa galibi da harsunan Tuwi da Fanti da Ga da Ingilishi. Dattawan Zango ba su ɗauke shi nasu ba, ko da yake 'ya'yansu na leƙawa. Amma cuɗanya ta riga ta faru ta wata hanyar, domin gangar hammata da Tonawa ke kira donno, 'yar'uwar kalangu, daga arewa ta shigo kiɗansu.

Zango ya ci gaba da sauraron gida. Gidan rediyon ƙasa, wanda ya faro a 1935, ya sanya Hausa cikin harsunan da yake watsa shirye-shirye da su, ga kuma sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da Rediyon Kaduna a gajeren zango. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970, direbobi da 'yan kasuwa da alhazai suka riƙa shigo da waƙoƙin Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji da Barmani Coge. Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya, alal misali, ba ta buƙatar fassara ga yaron da ke aiki a tashar mota ta Tudu.

Sai dai abubuwa biyu sun girgiza wannan zama. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubun-dubatar mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Gana ba su taɓa ganin wata ƙasa ba. Gidaje da rumfuna suka koma hannun wasu. Waɗanda suka rage suka fahimci cewa kirarin da ke danganta mutum da Kano ko Sakkwato, wanda jiya abin alfahari ne, yau yana iya zama hujja a kansa. Enid Schildkrout, a littafinta na 1978 kan Zangon Kumashi, ta nuna yadda 'ya'yan baƙi da jikokinsu suka riƙa ɗaukar kansu mutanen Zango fiye da 'yan ƙabilar kakanninsu. A 1983 kuma Nijeriya ta kori baƙi, 'yan Gana kusan miliyan guda suka komo gida a shekarar fari da yunwa. Hanyar da ta haɗa Zango da arewa ta daina zama abin dogaro kamar da.

Abu na biyu ya shafi sana'ar kiɗa kanta. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984. Gidajen rawa suka mutu, makaɗa da yawa suka tafi Jamus da Ingila da wasu ƙasashe. Masu saka faifai da manyan lasifikoki suka maye gurbinsu, saboda sun fi araha. Yaran da suka tashi a Nima a wannan lokaci sun fi jin rege na Jamaika da gambarar baƙaƙen fatar Amurka fiye da kalangu.

7.0 Nima da Kiɗan Hiplaif

Tsarin mulkin 1992 ya buɗe ƙofar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, Joy FM ta fara aiki a Akra a 1995. A daidai wannan lokaci Reggie Rockstone, wanda ya dawo daga ƙasashen waje, ya fara yin gambarar zamani da harshen Tuwi. Aka haɗa sunan hip-hop da na hailaif aka kira sabon kiɗan hiplaif. Jesse Shipley da Halifu Osumare sun rubuta littattafai a kansa.

Nima ta ba da gudummawarta ta hannun ƙungiyar VIP. Wani matashi mai laƙabin Friction, wato Musa Haruna, shi ya kafa ta, tare da Lazzy, wato Abdul Hamid Ibrahim, da Promzy da Prodigal da Bone. Sun fara ne da wasanni a titunan unguwa, kundinsu na farko ya fito a 1998. Daga cikin waƙoƙinsu na farko da suka yi tashe akwai Rana Sallah. A 2003 suka fitar da Ahomka Womu, wadda ta ba su kambun gwarzayen mawaƙan shekara a gasar waƙoƙin Gana ta 2004, suka sake cin wannan kambu a 2011. Bayan fitar Promzy, Reggie Rockstone da kansa ya shiga ƙungiyar a 2014, aka sauya mata suna zuwa VVIP.

Akwai abubuwa uku da suka kamata a lura da su. Na farko, ƙungiyar ta haɗa Musulmi da Kirista, kuma a waƙa guda ana iya jin Hausa da Tuwi da Ingilishin buroka. Haka Nima take. Na biyu, sunan da suke ɗagawa shi ne na unguwa. Sun yi mata laƙabi da Boogie Down Nima, suna kwaikwayon laƙabin unguwar Bronx ta birnin New York inda gambarar zamani ta samo asali. Maroƙin jiya yana cewa wane Bakatsine ne, jikansa kuwa yana cewa shi ɗan Nima ne. Na uku, sun yi haka ne a lokacin da sunan Nima ke ɗauke da tabo. Mutanen birni suna danganta ta da cunkoso da ƙazanta da 'yan daba, har matashi kan ɓoye unguwarsu idan yana neman aiki. Kiran sunanta a rediyo da talabijin da alfahari martani ne ga wannan ƙyama.

Jigon talauci da wadata ya dawo da ƙarfinsa. Waƙoƙin matasan Zango cike suke da zancen fafutukar neman na kai, da burin fita Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, da mahassada, da addu'ar uwa. A majalisun shayi da ke kowane lungu, waɗanda matasa ke raɗa wa sunayen biranen duniya, ake fara gwada baiti kafin a kai shi situdiyo. A ƙarshen shekarun 2000 wata kalmar Hausa, wato sakawa, ta shiga bakin 'yan Gana baki ɗaya da ma'anar damfara ta intanet wadda ake haɗawa da tsafi, kuma aka riƙa jingina ta ga unguwanni irin su Nima da Mamobi. Finafinai da waƙoƙi da wa'azi duk suka ɗauki zancen, tambayar kuwa ita ce wadda Alhaji Umaru ya taɓo tun da daɗewa: idan al'umma ba ta girmama kowa sai mai kuɗi, me za ta ce wa yaron da ya nemo su ta kowace hanya?

Sallah ma ta sami sabon matsayi. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta mayar da ranakun idi biyu ranakun hutu na ƙasa. Bayan hawan sarakunan Zango da makaɗansu da rana, sai dare ya zama na matasa, kuma 'yan VIP suka shahara da shirya babban wasan Sallah a kan titin Nima, wanda ke jawo manyan mawaƙan ƙasar. Shatta Wale, ɗan ƙabilar Ga wanda ya ci kambun gwarzon shekara a 2014, ya yi zama a Nima, kuma yana da ɗimbin magoya baya a cikinta. Laƙabinsa ba shi da alaƙa da sunan Mamman Shata. Abin lura a nan shi ne, ɗan asalin gari ne yake neman a danganta shi da unguwar baƙi.

8.0 Harshen Waƙar Zango

Hausar Gana, wadda ake kira Gananci, ta bambanta da daidaitacciyar Hausa ta fuskoki sanannu. Mafi yawan masu magana da ita ba sa bambanta jinsin namiji da na mace a nahawu, sai a ji an ce "mata ya zo" ko "riga na". Haka kuma baƙaƙe masu ƙugiya sukan koma na fili, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b. Ga kuma aron kalmomi daga Ingilishi da Tuwi da Ga. Ko sunan waƙar Rana Sallah, yadda aka rubuta shi ba tare da harafin mallaka ba, ya nuna cewa ba ƙa'idar rubutun Kano aka bi ba.

Bai kamata ɗalibi ya ɗauki wannan a matsayin gurɓatacciyar Hausa ba. Irin sauƙaƙawar da ke faruwa ke nan idan harshe ya zama na hulɗa tsakanin ƙabilu da yawa, daga baya kuma 'ya'yansu suka tashi da shi a matsayin harshen uwa. Aron ma ba ta gefe guda yake tafiya ba. Sunayen abinci irin su koko da ƙosai da tuwon zafi da wake, wanda ake rubutawa waakye, duk sun zama na 'yan Gana baki ɗaya. Sunan garin Kasoa daga kasuwa ya fito. Kalmar kayayo, wato mace 'yar dako, haɗin kaya ne na Hausa da kalmar Ga mai nufin mace. Mawaƙan da ba su fito daga Zango ba sukan jefa wallahi da wahala da aboki a waƙoƙinsu don su nuna cewa sun san titi. Duk da haka Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta zaɓa don koyarwa a makarantunta, domin ana ɗaukarta harshen da ya zo daga waje. Rediyo da waƙa sun karɓe ta, aji bai karɓe ta ba.

9.0 Abin da Ya Sauya da Wanda Bai Sauya Ba

Idan aka kwatanta maroƙin Zangon Malam da mawaƙin Nima za a ga bambanci a kayan kiɗa da tufafi da harshe da masu sauraro. Na farko yana yi wa jama'arsa kaɗai, na biyu yana yi wa ƙasa baki ɗaya. Sana'ar ta farko gado ce, kuma ana ganin mai yin ta ƙasa da wanda yake yi wa, ta biyu kuwa zaɓi ce, mai yin ta yana iya fin wanda ya gayyace shi kuɗi da suna.

Amma ginshiƙin bai motsa ba. Har yanzu ana kiran sunan mai kuɗi a tsakiyar waƙa, shi kuma ya tashi ya yi liƙi. 'Yan siyasa sun shiga sahun iyayen gida, musamman a shekarar zaɓe, domin ƙuri'un Zango suna da nauyi, kamar yadda kafa Asusun Raya Zango a 2017 ya nuna. Zambo da habaici sun koma fafatawa tsakanin mawaƙa da magoya bayansu. Igiyar arewa ma ba ta tsinke ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa na Kano suka shiga gidajen Zango, kuma waƙoƙin soyayya na irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker sun sami wuri a bukukuwan aure, yanzu ta hanyar wayar hannu da YouTube da TikTok. Sai dai mai sauraron yau yana jin su ne a matsayin ɗan Gana mai jin Hausa, ba matafiyi mai kewar gida ba.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga yadda kiɗa da waƙa suka bi sawun al'ummar Zango tun daga kafa Zangon Malam wajen 1881. A zamanin fatake waƙa ta tabbatar da asali da amana. A fagen biki ta ɗaure zumuncin mata. A fagen addini ta zama abin jayayya. Bayan korar baƙi ta 1969 da tsananin shekarun 1980, matasa suka ɗauki kiɗan da ya zo daga Amurka da Jamaika suka bayyana kansu a matsayin 'yan unguwa kuma 'yan ƙasa. Tambayar baƙunci ba ta mutu ba, domin a lokutan rajistar zaɓe da ta katin ɗan ƙasa an sha jin koken mazauna Zango cewa ana tuhumar asalinsu saboda sunayensu, alhali kakanninsu a Akra aka binne su. Wurin da aka kafa don a kwana a wuce ya shekara sama da 140, kuma waƙoƙin da ke fitowa daga cikinsa suna daga cikin hujjojin da ke nuna cewa mutanensa sun daɗe da zama 'yan gari.